Gyambon leɓen Auta: ɓargona ne ya ja mashi ciwon kansa?

Yayar Auta:
Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango.

Ƙanena, autanmu, da emasi aka haife shi, wato amosanin jini. Duk wanda ya yi jinyar mai wannan ciwo ya san darare nawa ake kwana zaune, ana danna ƙafa ana danna baya. Shekara 5 ke nan da aka yi mashi dashen ɓargo a ƙasar waje, bayan Baba ya sayar da fili da rabin garkenshi. Mu shida ne a ɗakinmu, aka gwada jininmu duka, ni kaɗai na dace. Har yau idan na shafa bayan ƙuguna ina jin ƴan tabon allurar da aka zuƙi ɓargon. Dashen ya kama, alhamdu lillahi, ciwon ƙashi bai sake tayar mashi ba.

Wata bakwai bayan dashen fatarshi ta fara sakewa. Ta bushe, wani wuri ya yi baƙi ƙirin, wani wuri ya yi fari kamar an zuba ruwan zafi, har leɓenshi na ƙasa. Bakinshi ba ya son yaji, idonshi ba hawaye. Likitocin can suka ce GVH ce, wato garkuwar da ta zo da dashen ta far wa jikinshi, suka ɗora shi kan takrolimus da kortikoyid, kuma yana sha har yanzu. Akwai lokacin da huhunshi ya kamu da naman gwari, ya daɗe yana shan wani magani, borikonazol.

Ya koma Tawa yana taya Baba tsaron shago, shi ke kai kaya bisa moto. Bayan sallar layya wani ɗan ƙurji ya fito mashi a leɓen ƙasa, daidai inda ya yi fari. Ya yi ɓawo, ɓawon ya faɗi, ya yi jini, ya sake ɓawo. A wani ɗan kilinik aka ce zafi ne, aka ba shi man shafawa. Wata huɗu muna haka. Da na je gida na ga gefen gyambon ya yi tauri ya ɗaga kamar bakin tukunya, sai na sa shi gaba muka zo Yamai. An yanki ɗan nama an kai labo, jiya sakamako ya fito: kansar fata ce, a takardar an rubuta karsinom epidermoyid.

Tambayata ɗaya ce, kuma don Allah wanda ya sani ya gaya mini gaskiya kar a lallashe ni. Ɓargona ne ya ja mashi wannan? Akwai masu faɗin haka a cikin dangi, ban yi barci ba.

Hajiya Uwar Gida:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka maki. Ki share hawayenki, akwai masana a nan za su zo.

Ɗan Adar:
Allah shi ba shi lahiya. Amma ni hwa Yaya ina da ja ga wannan sakamako. Kansar hwata ta nasara ce. Mu da munka tashi cikin ranar Adar, muna noman albasa tun sahe har la'asar, wa anka taɓa ji rana ta sa mashi kansa? A sake gwaji wani wuri.

Maman Zabiya:
Malam Ɗan Adar, ka zo ka ga yadda muke fama. Ɗana zabiya ne, kuma cikin ƴan uwanshi zabiyoyi na ga waɗanda gyambon kunne da na wuya ya cinye tun ba su kai 30 ba. Ranar nan taku ce ta yi masu haka. Yaya ta ce wurin da ya yi fari ne ya fashe. Ni da na karanta wannan layin gabana ya faɗi, don na san irin gyambon.

Ɗan Adar:
Zabiya daban ne Hajiya, wannan kowa ya sani.

Lokotoron Fata:
Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aiki na ga ana jiran masana. Yaya, sannu da ƙoƙari. Ban ga Auta ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne, hukunci na wurin waɗanda ke duba shi. Zan bi abin daki-daki, a yi haƙuri da tsawo.

A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi da su ne irin jini, kamar yadda manomi ke ajiye irin hatsi. Su ke haifar da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, da farare, waɗanda su ne sojojin garkuwar jiki. Kafin dashe ana kashe ɓargon majinyaci da shimiyo mai ƙarfi, wato irin maganin da ake kashe ƙwayoyin kansa da shi, sannan a zuba na mai bayarwa ta jijiya. Ma'anarsa, ba jajayen ƙwayoyinki kaɗai Auta ya samu ba, har sojojinki ya gada. Garkuwar da ke jikinshi yau taki ce.

Sojan da aka kai baƙon gari yakan kasa gane ɗan gari da ɓarawo. Wannan shi ne GVH: baƙo ya far wa mai gida. Takan taɓa fata, baki, ido, hanta, hanji. Akwai mai zuwa da wuri, galibi cikin kwana 100 na farko, akwai mai daɗewa irin ta Auta. Don a kwantar da sojojin nan ake ba da takrolimus ko siklosporin da kortikoyid.

To ga inda kansa ke shigowa. Kowannenmu, kowace rana, wasu ƙwayoyin fatarshi na lalacewa, ko daga rana ko daga wani abu. Jiki na gyara wasu, fararen ƙwayoyi kuma na kashe waɗanda suka ƙi gyaruwa tun ba su yi yawa ba. A jikin Auta abu huɗu suka haɗu. Maganin da ke hana baƙin sojoji cin fatarshi ya rage masu sa ido a kan ɓatattun ƙwayoyi, kuma irin su siklosporin da takrolimus na rage wa ƙwayar fata ƙarfin gyara ɓarnar da rana ta yi mata. Sannan fatar da ta shekara tana kumburi tana warkewa tana sake kumburi, ƙwayoyinta na ta rabuwa ba hutu, kuskure na da sauƙin shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na uku, inda ya yi fari ya rasa baƙin sinadarin da ke tare rana, melanin, ya zama kamar fatar ɗan Maman Zabiya. Na huɗu borikonazol. Magani ne mai ceton rai, amma yana sa fata ta kasa jure rana, kuma an daɗe da ganin alaƙarshi da wannan irin kansa idan aka jima ana sha. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sa siklosporin da azatiyoprin cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna iya jawo kansa tun da daɗewa, a 2024 ta ƙara takrolimus da borikonazol.

Ki haɗa wannan da moto a ranar Tawa, leɓen ƙasa kuwa shi ke kallon sama.

Amsar tambayarki: kansar nan galibi daga ƙwayoyin fatar majinyacin kanshi take tsirowa. Ba wata cuta ce da ke ɓoye a ɓargonki kika zuba mashi ba.

Yayar Auta:
Na gode Lokotoro, Allah ya ƙara sani. Amma ka ce sojojina ne suka far mashi. Kuma na tuna tun a can, wata likita ta ce mana ɓargon mace idan aka ba namiji ya fi kawo GVH, balle macen da ta haihu. Ina da ɗiya biyu lokacin. Ke nan dai ta wata hanya ni ce.

Lokotoron Fata:
Kin ce kar a lallashe ki, ba zan yi ba. Abin da likitar ta faɗa gaskiya ne. Jikin namiji na da wasu alamomi da jikin mace bai sani ba, kuma macen da ta yi ciki garkuwarta ta riga ta haɗu da jinin da ba nata ba, ta zama mai saurin shiri. Da a ce akwai namiji cikinku da ya dace daidai da ke, wataƙila shi za a zaɓa. Amma babu. Tsakanin ƴan uwa uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa cif ɗaya ce cikin huɗu ga kowane ɗaya. Akwai gidajen da aka gwada takwas ba a samu ko guda ba. Likitocin sun san ke mace ce, sun san kin haihu, suka auna suka ga ɓargon ƴar uwa da ya dace ya fi duk wani zaɓi da ke hannu. Kuma allurar ƙugun nan da kike shafawa, ita ma zaɓi ce: ana iya tatsar irin jinin daga jijiyar hannu, ya fi sauƙi ga mai bayarwa, amma ya fi kawo GVH mai daɗewa. Kin ɗauki hanyar da ta fi maki zafi, ta fi mashi sauƙi.

Sojojin sun fito daga jikinki, i. Amma ba ke kike ba su umarni ba.

Baba Tsohon Soja:
Ɗiyata, masu faɗin maganar nan a dangi, ina suke ranar da aka kwantar da ke aka huda maki ƙashi? Shekara biyar yaro na tafiya da ƙafarshi har yana hawan moto. Kar ki bar wanda bai ba da komi ba ya sa ki kuka.

Ɗan Adar:
To na ji bayanin Lokotoro, na janye maganata ta sake gwaji. Amma in magani na ad da laihi, mi za a jira? A bar shan shi mana. Mutum shina shan abin da anka ce shina kawo kansa?

Mai Dashen Ƙoda:
A'a Malam, don girman Allah kar a rubuta wannan a zaure irin wannan, wani zai karanta ya aikata. Ni shekara 9 ina shan takrolimus, ƙodar ƙanwata ce a jikina. Akwai wanda muka yi jinya tare, ya ji jikinshi ya yi daɗi, kuɗin magani ya yi mashi nauyi, ya bari. Bai cika wata uku ba ya koma wankin ƙoda. Mu idan muka bari, jikinmu ne zai kori abin da aka dasa. Su Auta kuwa abin da aka dasa ne zai ci jikin. Wanne ne da sauƙi?

Lokotoron Fata:
Ya faɗi gaskiya. Gaba kura baya sayaki ne: a sauke magani GVH ta tashi, ta iya kama huhu ko hanta, kuma ita kanta GVH ɗin tana cikin masu jawo kansar. A bar shi da yawa, garkuwa ta yi barci. Kortikoyid ma idan aka daɗe ana sha aka yanke shi dare ɗaya, mutum na iya faɗuwa, jini ya sauka, har a rasa rai. Abin da ake yi shi ne likitan jini da likitan fata su zauna, a nemi mafi ƙarancin adadin da zai riƙe GVH, a sauka sannu-sannu ana aunawa. Wani lokaci a canza magani. A masu dashen ƙoda an gwada maida su kan sirolimus, aka ga sabbin kansar fata sun ragu. Ko zai dace da Auta, likitocinshi za su duba, don sirolimus na jinkirta warkewar rauni, shi kuma tiyata ke gabanshi.

Akwai wani bambanci mai daɗin ji tsakaninku. Mai dashen ƙoda zai sha magani muddin ƙodar na jikinshi, shi ya sa a ƙasashen turawa wannan kansa ke ninka masu fiye da sau 60 idan aka kwatanta da sauran jama'a. Mai dashen ɓargo kuwa, sau da yawa baƙin sojojin kan saba da gida, a daina maganin gaba ɗaya. Waɗanda GVH ta daɗe masu ne ke jimawa a kai.

Mai Magani:
In ƙara abu ɗaya daga ɓangarenmu. Borikonazol na ɗaga adadin takrolimus a jini sosai, maganin tarin fuka rifampisin kuma na sauke shi ƙasa. Har ruwan pampalemus, babban lemun nan mai ɗaci, na ɗaga shi. Shi ya sa duk mai dashe, ko maganin mura zai saya, ya nuna ardinas ɗinshi tukuna. Kuma don Allah a guji na ƴan tebur da na bisa kai a kasuwa.

Inna ta Wadata:
Ni dai shawarata a haɗa da na gida. Tunda an ce garkuwa ce ta yi rauni, akwai haɗin da wata ke sayarwa na ƙara garkuwa, zogale da habbatus sauda da wasu sassaƙe. Mutane da yawa sun ji daɗinshi. In ana so in turo lambarta.

Shugaban Zaure:
Inna, da girmamawa, ba a sa lamba ko talla a nan. Dokar zaure ce tun farko.

Mai Magani:
Inna, niyyarki mai kyau ce, amma ki duba: yaron nan garkuwarshi ba rauni kawai ta yi ba, ɗaure ta aka yi da gangan don tana cizon shi. Idan da gaske haɗin na tayar da garkuwa, to GVH zai tayar. Idan kuma ba ya yi, an yi asarar kuɗi, ga sassaƙen da ba a san me zai yi wa ƙoda da hanta ba, alhali takrolimus kanshi na matsa wa ƙoda. Abincin da ke cikin kwano wani abu ne, jiƙon jarka wani abu ne. Kuma kar a shafa komi a gyambon, ko toka ko kanwa ko man kaɗanya.

Inna ta Wadata:
To shi ke nan, Allah ya ba shi lafiya. Ni ban san haka abin yake ba.

Malamin Lakwal:
Lokotoro, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Na karanta cewa asalin dashen ɓargo don maganin kansar jini aka ƙirƙiro shi, kuma wai garkuwar mai bayarwa ce ke farautar kansar. To ta yaya abin da ke kashe wata kansa zai buɗe wa wata ƙofa? Kuma me ya hana sojojin Yaya su cinye ta leɓen?

Lokotoron Fata:
Malam ka taɓo inda ke mini daɗi. Abin da ka karanta daidai ne. Donal Tomas na Amurka ya fara wallafa gwajin zuba wa mutane ɓargo a 1957, ya ci gaba da aikin a Siyatil har ya samu kyautar Nobel a 1990. A Faransa kuma Jorj Mate ya yi wa wasu ma'aikatan nukiliya ƴan Yugoslabiya dashe a 1958 bayan haɗarin da ya ƙona masu ɓargo, kuma yana cikin na farkon da suka yi tunanin baƙuwar garkuwa za ta iya yaƙar kansar jini. Daga baya aka lura da wani abu: masu kansar jini da suka yi GVH, ciwonsu bai cika dawowa ba kamar na waɗanda ba su yi ba. Wanda aka ba ɓargon tagwayenshi mai kama ɗaya, ba ya yin GVH sosai, amma kansarshi ta fi dawowa. Ke nan fushin nan na baƙin sojoji wuƙa ce mai baki biyu. Har akan ƙaro fararen ƙwayoyin mai bayarwa a zuba idan kansar jini ta fara leƙowa.

Akwai ma wata kansa da ke bayyana a fata, mikozis fongoyid, wadda asalinta daga fararen ƙwayoyin jini take. Idan ta yi nisa akan yi mata dashe, baƙuwar garkuwar ta yaƙe ta. An gwada dabarar a kan melanom, baƙar kansar fata, ba ta yi abin da aka so ba.

Auta kuwa ba shi da kansar jini da ake son a farauta, don haka GVH ɗinshi ba ta da wata riba, ɓarna ce zalla. Sojojin da za su iya ganin ta leɓen, su ne muka ɗaure da magani. Yanzu akwai allurai masu kwance wa garkuwa dabaibayi, aikin da ya ba Jems Alison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018, kuma a shekarar aka amince da ɗaya daga cikinsu, semiplimab, don wannan irin kansar fata idan ta gagari wuƙa. Amma ga mai dashen ɓargon wani, kwance dabaibayin na iya tayar da GVH mai tsanani. Shi ya sa ga irinsu abin da ya fi shi ne a kama ta da wuri a yanke.

Malamin Lakwal:
Na gane sarai. Allah ya saka.

Yayar Auta:
Lokotoro, maganar yankewa. Sun ce za a yanke wani yanki na leɓen. Auta ya yi shiru tun jiya, saurayi ne, akwai wadda yake nema. Ba a iya gashi kawai, wato a ƙona kansar da hasken na'ura?

Lokotoron Fata:
Ana yin gashi a Yamai tun 2021, a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, kuma akan yi wa leɓe gashi a wasu yanayi. Amma idan ƙarama ce, wuƙa ta fi: ana cire ta da ɗan gefen lafiyayyen nama, a kai labo a tabbatar ba a bar saura ba. Mafi yawan waɗanda aka kama da wuri haka suke warkewa. Fatar da GVH ta riga ta taurara kuma ba ta cika son gashi ba. Leɓen ƙasa na da yalwa, ana cire yanki mai ɗan dama a haɗe bakin ya zauna da kyau. Wata ɗaya da za a ƙara ana shawara, shi zai ƙara girman abin da za a cire. Ki gaya mashi haka, kuma ki bar shi ya yi wa likitan tiyatar tambaya da bakinshi.

Ku tabbatar an taɓa ƙarƙashin haɓarshi da wuyanshi an nemi kaluluwa, nan take fara zuwa idan za ta yaɗu. A leƙa cikin bakin duka, harshe da dasashi, tunda GVH ta taɓa nan. Kuma ina da tambaya: lokacin da yake fama da emasi, ya taɓa yin gyambon idon sawu?

Yayar Auta:
Ya yi, a ƙafar hagu. Ya kusa shekara biyu kafin ya rufe. Tabon na nan.

Lokotoron Fata:
A nuna shi. Wannan kuma amsa ce ga Malam Ɗan Adar. Gaskiyarka rabi ce: baƙar fata na da kariya daga rana, kansar da rana ke jawowa ba ta dame mu kamar turawa ba. Amma wannan irin ta Auta ita ce aka fi gani cikin kansar fata a baƙaƙe, sai dai mu ta fi son fitowa a tsohon tabon ƙuna, da gyambon da ya ƙi warkewa, da ƙafa, da wuraren da tufafi ke rufewa. Wani likitan Faransa, Marjolan, ya bayyana irin wannan gyambo tun 1828, har yau da sunanshi ake kiranshi. Melanom kuma a wurinmu tafin ƙafa da ƙarƙashin farce take so. Akwai kuma ta Kaposi, tabo masu duhu a ƙafa ko a ganɗa, wadda wata ƙwayar cuta da ke da yawa a Afirka ke jawowa idan garkuwa ta sauka. Ta fi zuwa ga masu dashen ƙoda, Malam Mai Dashe ka riƙa dubawa. Maganar ba ta kama baƙi ita ke sa mutanenmu zuwa a makare. Wata huɗun da aka ce wa Auta zafi ne, daga wannan tunani suka fito.

Ɗan Adar:
Wallahi kawuna shina da gyambo ga ƙwabri tun ina yaro, wuta ta ƙone shi. Kwanan nan ya buɗe shina wari. Gobe ni kai shi babbar likita ta Tawa in sha Allah.

Mai Dashen Ƙoda:
Ka kai shi Malam, ka ce a yanki nama a gwada, kar a tsaya ga wanki da bandeji. Ni ga abin da nake yi: duk farkon wata, bayan wanka, ina tsayawa wajen taga matata ta duba mini baya da ƙeya da bayan kunne, ni in duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Abin da na gani sabo sai in ɗauke shi hoto da salula, in ajiye ƴar dala kusa da shi don a gane girma. In ya kai sati uku ko huɗu bai tafi ba, sai likita. Sau ɗaya a shekara kuma likitan fata ya duba ni daga kai har ƙafa ko ba komi.

Maman Zabiya:
Yaya, maganar rana ki bar mini, nan ne na ƙware. Malafa mai faɗin baki, ba hula ba, don hula ba ta rufe kunne da leɓe. In zai hau moto ya naɗa rawani ya ja amawali ya rufe baki kamar Buzaye, ba wanda zai kalle shi a Tawa don ya yi haka. Riga mai dogon hannu, yadi mai kauri, in kin ɗaga shi ga rana kina hango haske ta ciki to bai yi ba. Daga ƙarfe 10 zuwa 4 ya nemi inuwa, kai kaya a maida shi safe ko bayan la'asar. Man kariyar rana mai lamba 50 ga wuraren da suka yi fari, akwai na leɓe ma kamar jan baki marar launi. Da tsada, ba zan ɓoye maki ba, kuma gumi na wanke shi sai an sake. Shi ya sa na fi dogara ga tufafi.

Hajiya Uwar Gida:
Kuma a gaya wa ƴan matan nan masu shafe-shafen canza fata. Da hannunsu suke cire abin da Allah ya ba su na kariya.

Mai Magani:
Hajiya kin yi gaskiya, da yawan mayukan nan kortikoyid mai ƙarfi ne a ciki, irin kulobetazol, yana sirantar da fata ya kashe mata garkuwa. Wani abin da nake tsoro shi ne kar wani ya ba Auta irinshi wai don launinshi ya daidaita. Sai kuma taba, ta sha da ta ci da ake cusawa a leɓe da kanwa. Ko kusa.

Wata Uwa:
Ina ta karantawa jikina ya yi sanyi. Ɗiyata mai shekara 7 emasi gare ta, muna zuwa cibiyar masu emasi ta nan Yamai, kuma muna tara kuɗin dashe, yayanta ya dace. Yanzu kuma ina jin tsoro. Yaya, tsakaninki da Allah, da kin san haka za ta faru za ki bayar?

Lokotoron Fata:
Kafin Yaya ta amsa: yaro ƙarami da ya samu ɗan uwa da ya dace shi ya fi kowa samun sauƙin dashe, GVH mai daɗewa ta fi yawa ga manya. Yawancin waɗanda aka yi wa dashe ba sa yin kansar fata. Abin da zan roƙe ki, kuɗin da kuke tarawa ku sa har da na bayan dawowa: awon jini, magani, sake rigakafin yara tun daga farko don sabuwar garkuwa ba ta san su ba, da likitan da zai riƙa bibiya a nan gida shekara da shekaru. Ku karɓo cikakkiyar takarda daga inda aka yi aikin, wadda ta faɗi irin shimiyon da aka ba ta da ko an haska mata jiki duka, don hasken na da tashi kansar fatar da yake jawowa bayan shekaru, musamman ga wanda aka haska yana ƙarami.

Yayar Auta:
Ƴar uwa, na karanta ma Auta tambayarki, yana kwance nan kan tabarma kusa da ni. Ya ce in rubuta maki: ya tuna daren da ya ciji hannun Inna saboda zafin ƙashi har ya fitar mata da jini, kuma ko leɓen duka za a cire ba zai so komawa can ba. Ni ma zan sake bayarwa. Abin da nake da-na-sani a kai shi ne wata huɗun nan, da kuma ban taɓa ce mashi ya rufe fuskarshi ba, don ba wanda ya gaya mana.

Yayar Auta:
Salamu alaikum, na dawo da labari bayan kwana tara. An yi aikin shekaranjiya. Sun cire yanki kamar faɗin farcen babban yatsa, ɗinki ya sauko har kusa da haɓa, yana shan kunu da ƴar roba ta gefen baki. Ba a ji kaluluwa a wuya ba, hoton da aka yi ma bai nuna komi ba. Tabon ƙafa an duba, sun ce lafiya lau, a riƙa sa ido. Sun ga wani ɗan wuri mai kaushi a bayan kunnen dama da mu ba mu taɓa lura ba, sun ce a dawo da shi randebu na gaba. Likitan jini ya aika wa waɗanda suka yi dashen saƙo kan rage takrolimus, muna jiran amsa, kafin nan yana shan abinshi yadda yake. Naman da aka cire na labo, sai nan da sati biyu za mu ji ko gefen ya fita tsaf.

Maman Zabiya, na samo malafar a Katako, rawanin kuma Baba ya ce zai ba shi nashi. Malam Ɗan Adar, ya jikin Kawu, an yanki naman?

Ɗan Adar:
An yanka ranar Talata Yaya, an ce za a aiko shi nan Yamai. In sakamakon ya hito sai in turo ma Lokotoro shi karanta muna.